Hawayen Tayar Baya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, amma har yau ba na iya wuce mota ban leƙa cikin tayarta ta baya ba. Ƙawayena a makaranta dariya suke yi mini. Su suna kallon launi da kujeru, ni kuwa ina sunkuye kamar wadda ta yar da ɗan kunne.

Baba direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram a wata tsohuwar mota mai dogon baya. Inji yakan kai wa bakanike, amma birki a ƙofar gida yake gyara shi, da hannunsa. Shi ya nuna mini cewa bayan kowace tayar baya akwai kwanon ƙarfe da ake kira duram, a cikinsa kuma akwai 'yar silindar da ba ta cika tafin hannu ba. In an taka birki, mai ya shiga cikinta, ita kuma ta tura takalman birki su damƙe duram. Ranar da robarta ta gaji, man ya fara tsiyaya ta cikin taya. Hawaye Baba yake kiransa. "Uwata," haka yake ce mini, da yake sunan mahaifiyarsa na ci, "mota kunya gare ta. Ba ta ihu, sai dai ta yi kukanta a inda ba a gani."

Duk sanda ya sa sabuwar silinda sai an cire iskar da ta shiga bututun mai, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Shi yana kwance a ƙarƙashi bisa buhu, da sifana, ni kuma a kujerar direba, na zamo gaba don ƙafata ta kai. "Uwata, taka! Ƙara! Riƙe!" Sai ya kwance ɗan noti, birkin ya nutse kamar na taka laka, ya ɗaure, ya ce in saki. Haka, haka, har birkin ya yi tauri ya tsaya mini a tafin ƙafa. Ba na ganin fuskarsa a lokacin. Wataƙila shi ya sa har yanzu, in na tuna shi, daga ƙasa nake jin muryarsa.

Motar tana nan. Yayana Nasiru ne ke jan ta. Makon jiya da na dawo hutu, tun ban ajiye jaka ba na hango layin danshi mai maiƙo a cikin tayar hagu, ƙura ta manne masa. Washegari kuma zai kai Inna bikin suna a garin Basirka, ita da maƙwabtanmu, cike da mota.

"Yaya, tana hawaye."

"Na gani, Hajiya Injiniya. Da safe zan sa a toshe."

Na san abin da toshewar take nufi. Ana cusa 'yar ƙusa a bakin bututun, man ya daina zuwa wannan tayar, tsiyaya ta tsaya, mota ta ci gaba da tafiya da birki uku. Da yawa a tasha haka suke yi in ana sauri, su ce sai an dawo a gyara, dawowar kuma ba ta da rana. A hanya mai sarari ba a gane komai. Sai ranar da garke ya ratso titi bayan garin Sara, direba ya taka da ƙarfi, motar ta fizge gefe guda.

Na kasa zama. Na shiga ɗaki, na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na zuba ruwa na manta ban sha ba. Me Baba zai ce? Anya zai yi faɗa? Shi da in ransa ya ɓaci sai dai ya goge hannu da tsumma ya yi ta gogewa. Ina jin zai yi mamakin yadda yanzu titi ya yi santsi, motoci suka ƙara gudu, amma haƙurin kwanciya a ƙarƙashinsu ya ragu. Ban ga laifin Yaya sosai ba. Fasinja ba sa jira, ga masu babur suna kwashe su. Sai dai Inna ce za ta zauna daidai saman wannan tayar, da kwanon cincin a cinya.

Da safe ya fito ya same ni a kujerar direba, ƙafata a kan birki.

"Sauko, Malama, rana na yi."

"Ba toshewa na zo taya ka ba, Yaya. Cire iska na zo yi."

Ya kalle ni, ya kalli Inna da ta fito da mayafinta a kafaɗa. Ita kuwa ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna a inuwar darbejiya. Ya yi tsaki, ya hau babur ɗin maƙwabci. Da ya dawo, ga silinda, ga sababbin takalma, domin wanda mai ya jiƙa ba ya sake kamawa. An yi yankan ragon suna ba mu.

Ban san abin da ya rage na Baba ba in aka auna. Sifanoninsa sun watse a hannun masu aro, motar ma kwananta ya kusa ƙarewa. Ni dai ya bar mini ido marar hutu, kuma ba kullum nake gode masa a kan haka ba. Ɗaya silindar ta dama tsohuwa ce, tun jiya nake leƙa ta. Amma a safiyar nan, ina riƙe da sitiyari, na ji murya ta taso daga ƙarƙashin mota, da ɗan haushi a cikinta:

"To, Uwar Baba, taka mana!"

Na taka, na ƙara, na riƙe. Birkin ya tsaya mini a tafin ƙafa.