Katin Zaɓen Kakata a Ƙafar Kekena

Edita, shekarata goma sha shida lokacin da abin nan ya faru, kuma a lokacin duk ƙauyenmu da ke gefen kanal ɗin ban ruwa ta wajen Bunkure babu wanda ake kiran sunansa da ƙarfi kamar ni. In tumatir ya ragu a kwando, ni ne. In an kwance wa wani jaki, ni ne. Rabin laifin ba nawa ba ne, amma ɗaya rabin ya ishi mutum uku. Wautar da zan ba da labarinta ƙarama ce. Abokaina ne suka fito da yayin ɗaura tsohon katin banki a ƙafar keke da roba, in wayoyin ƙafar suna dukansa sai ya riƙa ƙara kamar babur. Ni kuwa ko ƙofar banki ban taɓa shiga ba. Sai na faɗa ɗakin kakata, wadda muke kira Iya, na buɗe gwangwanin da take ajiye allura da zare, na tarar da katin zaɓenta a naɗe cikin leda har uku. Na san ko mene ne, ba zan yi ƙarya ba. Na dai ce zaɓe da sauran nisa, kafin la'asar na mayar.

Ranar na yi sarauta. Na bi gefen kanal ina tafe keke na ruri, tsuntsayen da ke cin shinkafa suka tashi har sai da rana ta dushe, wani mai ban ruwa ya yar da fartanya ya faɗa cikin albasa don ya ɗauka motar gwamnati ce. Da la'asar na tsaya zan kwance katin, sai na ga ɓarnar da na yi. Gefe guda ya cinye, rabin lambar ya tafi, fuskar Iya kuma saura ido ɗaya yana kallona. Na cusa shi a wani rami a katangar garken awaki, na toshe da laka, na shiga gida ina fito kamar mutumin kirki.

Sai an san Iya za a gane girman abin da na yi. Sana'arta turara shinkafa, tana kuma da 'yar gonar albasa a can ƙarshen layi, inda ruwan kanal ke isowa bayan kowa ya ƙoshi, wani lokacin ma ba ya isowa. Duk sanda ɗan majalisar jiha na yankinmu ya zo ta'aziyya ko ɗaurin aure, ko daga wace jam'iyya yake, Iya sai ta yafa mayafi ta tare shi da katin nan a hannu, ta karanta masa zancen ruwa tun daga farko. Takan ce wanda ba shi da kati ba shi da bakin yi wa ɗan majalisa faɗa. Ni kuma, kamar yadda kaka ke yi da jika, mijinta take kirana, ta ce duk mazan garin ni kaɗai ta zaɓa duk da ba na cefane.

Bayan 'yan makonni wasu matasa 'yan sa-kai suka zo ranar kasuwa, da wata malama a gaba, suka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Suka ce su ba 'yan kowace jam'iyya ba ne. Sun zo ne su sanar da mutane cewa akwai ƙudurin doka a gaban majalisar jiha game da rabon ruwan noman rani, za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan rajistar masu zaɓe da gyaran kati na gab da rufewa. Iya na jin an ambaci ruwa ta taho gida da saurin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta buɗe gwangwani, ta tarar da leda uku babu komai. Aka zazzage ɗakin, aka ɗaga gado, aka kife tukwane. Da idanu suka fara juyowa kaina, sai bakina ya riga hankalina, na ce na ga akuyarta tana taunar wani abu fari a ƙofar ɗaki. Kowa ya yarda, don akuyar nan ta taɓa cinye hular babana da rabin littafin lissafina. Na zaci Iya za ta yi faɗa a wuce wurin. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado, ta ce a kai akuyar kasuwa mai zuwa, ba ta son ganinta. Tuwon ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Washegari ta ja ni zuwa wurin malamar a matsayin shaida. Malamar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. In kati lalacewa ya yi, ko da guntu ne ya rage, sai a kai shi ofishin zaɓe a cike takarda a nemi sabo. In kuwa ɓata ya yi gaba ɗaya, to sai an fara zuwa kotu an yi takardar rantsuwa, ga shi kwanaki kaɗan suka rage. Iya ta bugi ƙirji ta ce ko Alƙur'ani aka kawo za ta dafa, akuya ce ta cinye, ai ga mijinta nan ya gani da idonsa. Edita, ka duba fa. Tsohuwar da ba ta taɓa rantsuwa ko a kan farashin shinkafa ba, ita ce za ta je gaban hukuma ta rantse a kan ƙaryata.

Malamar ta dube ni, ta ce in zo in taya ta ɗauko takardu a bayan bishiya. Da muka keɓe sai ta ce tana so ta ga akuyar nan, don ba ta taɓa jin wadda ta iya buɗe gwangwani ta warware leda uku ta mayar da murfi ba, irin wannan ai jami'a ya kamata a kai ta, ba kasuwa ba. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce tana da ƙanne huɗu maza, ta san irin wannan akuyar mai ƙafa biyu. Ba za ta tona ni ba, amma in sani kakata na iya rasa ƙuri'arta a zaɓe mai zuwa, kuma ni kaɗai na san ko akwai guntun da ya rage.

Da safe na fasa lakar na ciro katin, na sami Iya a gaban tukunyar shinkafa, na durƙusa na miƙa mata, na faɗi komai har da tsuntsayen. Ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta ce ta gode da na bar mata ido ɗaya, kuma daga yau ta sake ni saki uku, in je in nemi wata matar. Sai na ga tana share hawaye da gefen zani, ta ce da na bari ta rantse, da ba ta san da wace fuska za ta tsaya salla ba. Wannan maganar ta fi mini dukan da babana ya yi mini zafi, kuma dukan nan har a Garun Mallam an ji shi. Hukuncin Iya kuwa shi ne in yi wa akuyar ciyawa wata guda, tunda na ɓata mata suna.

Malamar ce ta raka mu ofishin zaɓe, ta roƙi masu layi suka bar tsofaffi suka shiga gaba, ta cike takardar da hannunta, ko ruwan leda ba ta yarda mun saya mata ba. A hanya na so in gwada ta, na tambaye ta wa za mu zaɓa. Ta ce aikinta ya ƙare a bakin rumfar zaɓe, abin da ke ciki tsakanin Iya ne da Ubangijinta. Ta kuma gaya wa Iya cewa a zaman jin ra'ayi ba a tambayar kati, kowa na iya magana. Suka tafi Kano da manoma cikin bas, aka ce Iya ta yi bayanin ruwan ƙarshen layi har sai da aka roƙe ta ta ba wasu dama.

Na rubuto ne don in gode wa malamar nan da abokan aikinta, waɗanda ko sunan ƙungiyarsu ban riƙe ba. Ta ga ƙaryata tsirara, ta bar mini hanyar gyarawa da kaina. Ina kuma jan kunnen 'yan uwana matasa: katin da kuka gani a gwangwanin tsohuwa ba abin wasa ba ne, da shi take jin ita ma wata ce a ƙasar nan. In kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri, don ƙaryar da kuka yi don ku tsira wani ne zai ɗauke ta a kansa, galibi wanda ya fi yarda da ku.

Ƙudurin ruwan har yanzu yana gaban majalisa. Sabon katin ya fito bayan wasu watanni, muka je muka karɓo. Ranar zaɓe Iya ta bi layin mata tun da hantsi, ta kaɗa ƙuri'arta kafin azahar, ta dawo gida ta ɗora tukunyar shinkafa.