Ranar da Ƙanƙara Ta Sauko a Dogo

Wata Laraba ce da la'asar, cikin daminar da na fara iya ɗaukar tulu ni kaɗai. Ina zaune a bakin ɗakin kakata ina kuka, idon sawuna ya kumbura kamar gwanda, don na turguɗe a hanyar rijiya. Washegari Baba zai tafi kasuwar Damagaram, ya kuma yi mini alkawarin zuwa, ni da ban taɓa ganin birni ba. Da ya duba ƙafar sai ya ce in ba ta saɓe ba kafin safiya, ƙanwata zai ɗora a kan jaki. Kakata ta aza ruwan gashi a murhu, don a wurinmu zafi ne maganin targaɗe.

Ruwan bai tafasa ba hadari ya haɗu. Sai muka ji ƙwas-ƙwas a kan ƙwaryar da ke tsakar gida, kaji suka watse, fararen duwatsu suna ta tsalle a ƙasa! Manya suna salati saboda geron da ke gona, yara kuwa sun fita da ihu suna tsinta suna jefawa a baki. Kawu Laminu, wanda ya yi soja a ƙuruciyarsa, ya faɗo gidanmu da hularsa cike da ƙanƙara, ya ture tukunyar gashin gefe. Ya ce ya ga yadda likitan bariki yake yi wa kumburi sabo. Kakata ta ce, "Laminu, ka dawo da haukan sojanka ke nan?" Bai kula ta ba, ya ƙunsa ƙanƙarar a ɗankwalina ya ɗora mini.

Da fari ta cije ni, sai ta koma kamar wuta, can sai fatar ta mutu, na tsunkule ta ban ji komai ba. Na miƙe zumbur ina ihu na warke, na yi taku biyu na zube, don zafin yana nan a ciki. Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Ke Dije, fata kaɗai ta sha sanyin. Nama a hankali yake sha. Zauna!" Ga ƙanƙara tana narkewa. Ya daka wa yaran unguwa tsawa, suka bazu da ƙore da faya-fayai, suna tono ta daga gindin danga da ƙarƙashin rumbu, suna kawowa a guje. Ya ɗora, ya ɗauke in fatar ta yi fari, ya sake ɗorawa, har sanyin ya ratsa can ciki, bugun da nake ji ya lafa. Da safe ƙafar ta saɓe. Da ɗingishi na hau jakin, amma ni ce na hau.

Yau ƙanƙara a leda ake sayar da ita a kowane lungu na Damagaram. Da gwiwoyina suka fara ciwo, Malam, mijina, shi yake sayo mini ita, yana sauri da sandarsa don kada ta narke a hanya. Bara Allah ya karɓi abinsa. Jikata da ke rubuta wannan, dakata in share ido. Ita ma tana kawo mini kullum, Allah ya yi mata albarka. Amma har yanzu ƙarar sandar nan nake saurare a zaure.