Bangon Ɗakin Kakata

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa na haɗa damina biyu wuri guda.

A tsohuwar unguwarmu ta Madawa muna da ƙungiya mai kula da gidajen ƙasa da kakanni suka bari. Kowace bazara ana gayyar yaɓe gida gida, a fara da na tsofaffi. Da na dawo daga jami'a aka ba ni sakatare. A taro na farko na ce me zai hana a shafe bango da siminti a huta. Ina jin hannu ɗaya ne bai tashi ba, na tsohon maginin unguwar. Da ɗakin kakata aka fara, don ni na kawo shawarar.

Damina ta uku, ko ta biyu, maginin ya kira ni bayan la'asar, hadari na haɗuwa a gabas. Ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin kakata da sandarsa. Sai na ji kamar ya bugi ƙwarya.

"Mushe, mi ka ji?" in ji shi, don haka ake kiran ɗan boko a wajenmu.

"Baba, kamar ba komai a ciki."

"Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa ƙofar fita. Ƙasa numfashi take yi, kun toshe mata hanci."

Ya ɓamɓare ɓawo guda, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Bisa wannan bangon azara take, ƙarƙashin azarar kuma gadon kakata.

Na shiga ɗakin da sauri. Tana zaune tana tsintar wake.

"Kaka, tashi mu fita."

"Maigidana, yau kuma sakina za ka yi? Ba kai ka ce ɗakin ya fi ƙarfin ruwa ba?"

Iska ta fara kaɗa ƙyaure. Maginin ya turo matan ƙungiya biyu suka kamo ta, ni na ɗauko gadon, tana ta faɗa a kan wakenta. Maza suka tokare azarar da itace. Bangon bai faɗi ba ranar. Bayan kwana biyu ya zauna a hankali, da rana tsaka, babu kowa ciki.

An sake gina shi da laka, an kuma hana siminti a unguwar. Amma akwai gidaje biyu da nake zaton mun shafe a waccan shekarar, waɗanda ban tuna an kankare ba. Duk sanda na ga hadari sai in tuna su.

Duk wanda ya halarci gayyar, don Allah ya gyara mini inda na yi kuskure, musamman a kan gidajen nan biyu, kafin ruwa ya sauka.