Mu'awiyya da ranar da ta ɓace

Mu'awiyya ɗan Ruwaida tun yana saurayi yake da ciwon gyara abin da ba a sa shi ba. Wata rana ya dubi murhun uwarsa, a nan Tambuwal, ya ce dutse guda ya fi sauran gajarta, wai ba daidai ba ne. Ta ce ya bar mata kayanta. Ya tsaya yana kawo mata lissafi, tana juya baya ya canza dutsen. Ashe tukunyar tata gindinta a karkace yake, gajeren dutsen ne ke riƙe da ita. Miyar kuka ta bi ƙasa, Ruwaida ta bi shi da muciya har zaure. Ni ina maƙwabtaka, na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa.

To, wanga gwani ne ya girma ya ƙirƙiro yaren kwamfuta, wato kalmomin da ake ba na'ura umarni da su, da Hausa wai don 'yan gida. Samari sunka ɗauka suna rubuta manhajoji da shi. Har ƙungiyar makiyayan Kebbe da shi take tura saƙon ranar allurar shanu.

Sai dai yaren malam bai iya ƙirga kwana ba. Ka tambaye shi Laraba, ya ba ka Talata. Masu aiki da shi sunka gane, kowa ya ƙara kwana guda a tasa manhajar, ya yi shiru. Haka anka zauna lafiya shekaru, kamar gurgu da sandarsa.

Rannan ciwon ya motsa, ya gyara kuskuren bai gaya wa kowa ba. Yare ya dawo daidai, ƙarin da mutane sunka yi yana nan. Mai allura ya zo Laraba ya tarar da fili, saƙo kuwa ya ce Alhamis. Bube, wani makiyayi, ya koro garkensa tun daga Fakku ran Alhamis, ya iske kashin jaki kawai. Abin da ya faɗa wa Mu'awiyya da Fulatanci ba zan fassara ba, na yi alwala. Ƙungiya ta ce in an sake, sun bar yarensa har abada, su ne kuwa abin taƙamarsa.

Gogan naku ya mayar da kuskuren mazauninsa, ya ƙirƙiro sabuwar kalma mai ƙirga daidai don masu zuwa. Wai dabara ke nan. Uwarsa da muciya ta koya masa, kyauta.

Abokin aikinsa Nasiruddeen ya taso daga Sakkwato takanas, ya zauna a zaure yana kumfar baki: barin kuskure da gangan abin kunya ne, a goge shi, kowa ya gyara tasa manhajar. Mu'awiyya ya bar shi ya gaji, sannan ya miƙa masa makullin babur.

«Gaskiyarka, Malam. Hau ka tai Fakku ka yi ma Bube bayani. Shina da sanda.»