Farantan Rodica Guda Bakwai

In ka ga Rodica yau da yamma a kan kujerarta ta roba a ƙofar gida, tana ɓare tafarnuwa tana musu da matan layi a kan wa ta fi iya dafa wake, sai ka rantse a nan aka binne cibiyarta. Alhali ranar da ta sauka daga doguwar mota a ƙauyen nan namu na yankin Mancha a ƙasar Sifaniya, shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ko gaisuwa ba ta iya da Sifaniyanci ba. Daga wani ƙauye kusa da Craiova ta taso, can Romaniya, da jaka biyu da 'yarta Oana. Mijinta Costel ya riga su zuwa da shekara guda, yana ƙwadago a gonakin tafarnuwa da inabi.

Komai namu a baibai ya zo mata. Ta sauke abincin rana da sha biyu, Costel bai shigo ba sai uku saura. Ta fita sayen gishiri da tsakar rana, ta tarar kowane kanti a garƙame, masu shi na barci. Matan da ba ta taɓa gani ba su rungume ta su sumbaci kumatunta biyu, sannan su faɗa mata ɗaki da takalmi, ita kuma ta bi bayansu da tsumma. Wata guda cur ta yi tana zaton faɗa ake a layin, ashe hira ce.

Wadda ta fi kowa murya ita ce Inna Felisa ta gidan da ke kallon nata, tsohuwa mai baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta. Ba ta wahalar da kanta da sunan Rodica ba. “Baƙuwa” take ce mata, kuma har ta koma ga Allah ba ta canza ba.

Wata bakwai da zuwanta aka yi waya daga gida: mahaifiyarta Tudora ta rasu. Lokacin ba su da takardun zama, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa. Rodica ta haɗa jaka ta kwance har sau biyu, a ƙarshe ta zauna. Ƙanwarta ce ta yi jana'iza.

Abu ɗaya ya rage mata, sadakar arba'in. A garinsu, abin da ka ba wanda ba danginka ba da sunan mamaci, shi mamacin ke samu a can: burodi, faranti, kyandir. Kyauta ce ta har abada, ba a mayarwa, ba a ramawa. Ta sayi faranti bakwai masu shuɗin baki a kasuwar Alhamis, ta gasa burodi mai kitso, ta dafa alkama da zuma da gyaɗar turawa. Ta bi gida bakwai, tana miƙawa tana faɗin abin da ta kwana biyu tana haddacewa: “Domin mahaifiyata.” Ranar ta yi barcin da rabonta da shi tun da aka yi wayar.

To mu kuma a nan, faranti ba ya kwana biyu a gidan da ba nasa ba, kuma mayar da shi fayau rashin tarbiyya ne. Washegari tun da hantsi aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Eulalia ta kawo nata da ƙwai shida, Marcelina da cuku, wata da zaitun. Kowacce ta dangwara mata a hannu, ta sumbace ta, ta wuce tana jin ta fita kunya. Kafin Costel ya dawo gona, faranti shida na jere a kan tebur.

“Kai, wannan sadaka da riba take,” in ji shi, yana kai hannu kan cukun. Sai ya dubi fuskarta, ya janye hannun.

“Sun dawo mata da abincinta, Costel. Ban rufe mata ido ba, ban zuba mata ƙasa ba. Yanzu ko loma ɗaya ba ta samu daga hannuna ba.”

Ana haka sai ga Inna Felisa da na bakwai, ta tula masa soyayyun zobban fulawa masu sukari. Rodica ta tsaya a bakin ƙofa, ta maida hannuwanta baya.

“Karɓi mana, Baƙuwa, hannuna ya gaji.”

Rodica ta girgiza kai.

“To fa! Guba na sa? Shekara hamsin ina soya su, ba wanda ya mutu sai mijina, shi ma taba ce ta kashe shi.”

Rodica ta tura farantin zuwa ƙirjin tsohuwar, ta fashe da kuka. Costel ne ya fito ya yi bayani da gurguwar Sifaniyancinsa ta gona, rabi da baki rabi da hannu. Inna Felisa ta saurare shi har ƙarshe, abin da layin bai taɓa gani ba. Sannan ta juyo kan Costel.

“Kai kuma ƙaton banza, kana da baki ka bari muka yi wa yarinya wannan aika-aika? Matsa!”

Ta kutsa ɗakin da takalminta, ta kwashi farantan da abin da ke cikinsu, ta ɗora wa Costel huɗu. Gida-gida ta bi tana buga ƙofa.

“Marcelina, ungo cukunki, ungo farantinki. Naki ne. Ki ci abinci a ciki, ki ce Allah ya kai wa... ke Baƙuwa, wa sunanta? Tudora. Allah ya kai wa Tudora.”

“Ni da farantin mutane a gidana? Me za a ce da ni?”

“Za a ce sau ɗaya a rayuwarki kin yi hankali.”

Da yammar nan aka fito da kujeru shan iska kamar kullum, sai Inna Felisa ta fito da biyu. Rodica ta zauna a ta biyun, ba ta jin ko rabin abin da ake faɗa.

Shekaru sun ja. Takardu sun fito, Rodica ta je ta ga kabarin uwarta ta dawo. Oana ta zama ma'aikaciyar jinya a Albacete, in tana yaren iyayenta ma da karin harshenmu take yi. Abincin rana ya koma ƙarfe uku, takalmi ne dai har gobe sai an cire. Layin kuwa ya yi shiru, yawancin masu kujerun wancan lokacin sun tafi, kuma Rodica tana kewar ihunsu fiye da yadda ta taɓa zato. Duk tsawon shekarun nan, a farantin nan mai shuɗin baki Inna Felisa ke karya kumallo, burodi da man zaitun, har bakinsa ya ɓantare.

Sanyin bara ta rasu. Mu ba ma ƙirga arba'in, don haka Rodica ba ta sa ran kowa ba ranar da aka ƙwanƙwasa. Anselmo ne, ɗan Inna Felisa, ya taso takanas daga Madrid. Yana riƙe da wani farin faranti mai zanen furanni, cikin na auren tsohuwar, da burodi da kyandir a kai.

“Anti Rodica, ni ban gane kan abin ba,” in ji shi. “Inna ce ta sa na rubuta tun tana asibiti. Ta ce in ƙirga kwana arba'in in kawo wa Baƙuwa. Ta ce in kika kuskura kika sa ko ƙwai ɗaya kika mayar, za ta taso.”

Gaskiyar tsohuwar. Shekara ashirin a cikinmu, hankalin Rodica har ya kai kan ƙwan da ke kicin. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta sa hannu biyu ta karɓa.

“Allah ya kai wa Felisa,” ta ce.