Bencin Gaisuwa

A shekarata ta biyu da kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Tarauni aka tura ni kwas na mako guda a kan awon masu ciki. A wurinmu kowa ya san abin da kwas ke nufi: jaka mai tambari, shinkafa da kaza da rana, sai takardar shaida da za a rataya a bango. Wanda ya dawo, tsaraba ake tambayarsa, ba abin da ya koyo ba. Ni kuwa da rawar kai irin ta sabon shiga, na dawo da littafi cike da rubutu, ina ji kamar ni kaɗai aka buɗe wa ido.

Abu ɗaya ya fi tsaya mini a rai. An koya mana cewa kafin a auna jinin mace sai ta huta minti biyar, kuma yayin awon babu magana, daga ita har mai aunawa. In ba haka ba awon kan hau, a tsorata mace a banza. Mu kuwa ya muke yi? Mace ta taho a ƙafa tun daga Darmanawa, ga rana ga ciki, tana zama Inna ta ɗaura mata abin awo, hannu na matsa roba baki na aiki: ina kwana, ya gida, ya maigidan, an yaye na bayan kuwa? Inna ita ce ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa a wurin, ta kuma girmi mahaifiyata.

Ran Litinin na gwada. Na zaunar da mace, na ce ta yi shiru, ni ma na yi gum. Ta gaishe ni, na ɗaga mata hannu. Kafin azahar labari ya zaga layi, wai yarinyar nan tun da ta je kwas ta fi ƙarfin gaisuwa. Matan suka watse mini, suka koma layin Inna. Ita ko Inna ba ta ko dube ni ba ta ce, "Tun ba a haife ki ba nake awo, ban taɓa jin wadda gaisuwa ta kashe ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi ba damar mayar wa babba magana. A cikin adaidaita, kafin in sauka Gyadi-Gyadi, na yanke shawarar jefa littafin nan ƙasan akwati in koma yin abin da kowa ke yi.

Shugabarmu Sista ce, Kirista 'yar Filato, wadda ta daɗe a Kano har Hausarta ta fi tawa gishiri. Ran Talata ta ga teburina wayam, ta kira ni ofis. Na shiga ina jiran faɗa.

"Kawo littafin," ta ce.

Na ciro shi daga jaka, don ban kai ga jefa shi akwati ba. Ta sa tabarau ta karanta shafin har ƙasa. "Abin da suka koya miki gaskiya ne, 'yata. Amma a kan junanku kuka gwada. Matan nan rabin abin da ke kawo su a ce musu sannu ne."

"To Sista, in bari ke nan?"

"Wa ya ce ki bari? Gobe ki zo da wuri."

Da na zo, na tarar an ɗauko dogon bencin da ke ƙarƙashin darbejiya an ajiye a bakin ƙofata, Sista na zaune a kai. Duk matar da layi ya zo kanta sai ta zauna kusa da ita, su gaisa son ransu: gida, yara, suruka, tsadar gawayi. Sista na satar kallon agogo. Minti biyar na cika sai ta ce, "Shiga wurin 'yata. Gaisuwarta ce na isar miki. Yanzu ki yi shiru ta ji jininki da kyau." Haka matan suka riƙa shigo mini a huce, sun ƙoshi da gaisuwa, ba mai ganin baƙina.

Mako biyu tana wannan zama, takardu na taruwa a teburinta. Sannan ta je wurin Inna ta ce ita fa Hausarta ta ƙare, Inna ce ta san gidajen matan nan da kakanninsu, ta taimaka ta karɓi bencin. Inna ta karɓa tana yanga, alhali abin nema ne ya samu. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Amma wata rana na jiyo ta tana leƙowa tana ce wa wata, "Ke, rufe baki, awo ake."

Daga baya na je kwas ya fi sau biyar. Littattafan suna nan jere a durowa, ba wanda ya sake ce mini in kawo. Ina kewar Sista, kewar da ba ta raguwa.

Ranar da ta yi ritaya aka yi mata 'yar liyafa, manya suka yi ta jawabi, ƙanana ba mu sami baki ba. Na yi kwana uku ina tsara godiyar da zan yi mata. Motar kayanta na tsaye a waje, sai na ga ta zauna a benci kusa da Inna, suka gaisa minti biyar cif. Ta shigo ta miƙo mini hannu.

"Auna ni, hanya da nisa."

Na buɗe baki, ta ɗora yatsa a leɓenta. Na ɗaura mata, na matsa roba, ina jin bugun jininta a kunnena. Na kwance na ce, "Lafiya lau, Sista." Direba ya danna hon, ta miƙe ta dafa kafaɗata ta fita. Iyakar abin da na ce mata ke nan.