Awa Huɗun Da Rabi Ta Fi Ni

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata Iya, amma har yau in aka ambaci filin jirgin saman Kano, hannunta nake gani. Shi na fara lura da shi da muka sauka daga mota ranar rakiyar alhazai: hannun hagun Iya cikin hannun Rabi, 'yar Baffana.

Wurina ne wannan. A ɗakin Iya nake kwana a Kura, kuma tun da idonta ya raunana ni ce mai jan ta. Ni na san in za mu haye ƙaramar gadar kanal sai ta matse min yatsu. Amma da Baffa ya tashi kai ta aikin hajji, sai ya ce, "Rabi za ta bi mu. Ita Hadiza, in Iya ta ɓace a Mina ko tambaya ba za ta iya yi ba." Na yi shiru, shirun ya ƙara ba shi gaskiya.

A bakin ƙofar shiga Iya ta tambayi nisan Jidda. Baffa ya ce awa huɗu da ɗan wani abu. Ta yi dariya ta ce, "Ashe ko ban ruwan gonar alkamarka ba ta kai ba! Ubana fa da ƙafa ya je, sai da aka yaye ni ya dawo." Ta shafa kaina, Rabi ta ja ta ciki.

Bayan Arfa Iya ta rasu, can aka binne ta. Kowa cewa yake ta dace. Na yarda, ina kuma yi mata addu'a. Sai dai ba ni da kabarin da zan nuna.

Bana malaminmu ya auna Kano zuwa Jidda da zare a taswira, ya ce ya haura kilomita dubu uku. Da Iya na nan, da ta laluba zaren ta ce ko bakin zani ba zai ɗinke ba. Ban san me za ta ce ba in ta ji yara na kiran Rabi Hajiya, tana washe musu haƙorin Makka.

Ni na samu shekarun zama da Iya, da tasbaharta, da yadda take ɗaurin ɗankwali. Ya kamata su ishe ni. Amma Baffa ya ce tun da jirgi ya ɗaga Iya ta tsorata, ta riƙe Rabi tana ta magana har Jidda. Rabi kuwa labarin Ka'aba take ba kowa, ba ta taɓa ba da na jirgi ba.

Makon jiya muna shanya tumatir, na daure na kira ta.

"Yaya Rabi."

"Ikon Allah, yau kurma ta yi magana?"

Na ce, "Ki riƙe Makka da Madina, naki ne. Abin da Iya ta ce a jirgi kawai za ki ba ni, daga tashi har sauka. In ta kira ki da sunana, ko da kuskure ne, don Allah kada ki tsallake."